Ƙwayar Malam da Guɗar Inna

Assalamu alaikum jama'a. Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mani wannan rana. In kun ga rubutun nan yana tsalle daga nan zuwa can ku yi mani uzuri, har yanzu murna ba ta sake ni ba, kuma ni dama can ba a san ni da magana a hankali ba. Sunana Dije, ɗinki nake yi a Kankia, amma haifaffiyar Yashe ce ni, can ƙasar Kusada. Labarin jinyar mahaifiyata zan ba ku, don na tabbata akwai gidaje da yawa da irin abin da ya kusa raba mu da ita yake ajiye a ciki, ba wanda ya sani.

Duk wanda ya san Yashe ya san guɗar Inna. Ba sana'arta ba ce, ba ta karɓar ko sisi, baiwa ce kawai Allah ya yi mata. In ta kama hanci ta rangaɗa, masu noma a bayan gari sai su ɗago su ce, to, an ɗaura, ko kuwa wata ta sauka lafiya. Har daga Ƙofa da Bauranya ake aiko mata da goro a ce don Allah ta zo. Ga ta da faɗa. Inna ba ta ganin tsintsiya a tsakar gida ta wuce, sai ta ji wanda ya yar da ita. Babanmu, wanda take kira Malam, shi ne mai shirun gidan. Muna ƙanana mutum ne mai raha, amma a shekarunsa na ƙarshe sai dai ka gan shi a zaure da carbi da hankici, hanci kullum a toshe, magana sai ta kama dole. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙan shi.

Bana aka sa ranar auren 'yata Nafisa, aka ce bayan kaka, in an gama yankan dawa. Ranar da na kai wa Inna labari ta buga ƙirji ta ce, "Ranar nan sai an ji ni a Kusada." Na ce Allah ya kai mu.

Tsakiyar damina aka yi suna a gidan yayana, Yaya Sule, wanda yake zaune da ita a Yashe. Aka raɗa suna, mata suka juya suna kallon Inna. Ta kama hanci, ta buɗe baki, abin da ya fito bai fi kukan 'yar akuya ba. Mata suka kwashe da dariya, har da masu cewa tsufa ya zo karɓar kayansa. Ni kuma na gyara tsayuwa ina jiran amsa, don na san Inna, duk wadda ta tsokane ta sai ta koma gida da nata. Ba ta ce uffan ba. Ta nemi gindin turmi ta zauna tana kallon ƙasa. Wallahi a nan na gane ba lafiya ba.

Matar Yaya ta ja ni gefe ta ce an fi wata guda hancinta a toshe, ba majina ba tari, ba ta jin ƙanshi ba ta jin wari. Ta ce abinci sai an matsa mata, kuma rabon da ta yi wa wani faɗa har an manta. Na ce a haɗa mata kayanta, Kankia za mu.

Satin farko mura muka ɗauke shi. Na yi mata sirace, na dafa citta da kanumfari, na shafa mata man zafi. Shiru. Sai muka nufi asibiti. Wanda bai taɓa bin layin asibiti da tsohuwa ba bai san haƙuri ba. Muna idar da sallar asuba muke fita, mu tarar har an cika benci. Layin kati daban, layin awo daban, layin likita daban, kuma a kowane sai wata ta zo ta ce dama tana nan, ta je fitsari ne. Sau biyu na kusa dambe. Amma ma'aikatan nan, Allah ya saka masu, sun yi ƙoƙari. Nas ta ɗaura wa Inna abin awon jini a hannu, ta duba, ta yi murmushi.

"Jinin Mama lafiya lau, kamar na budurwa. Sai dai bugun zuciyar ya ɗan yi sanyi. Tana shan wani magani ne?"

Ku ji inda na yi ɓarna. Ba ni aka tambaya ba, amma kafin Inna ta motsa leɓe na karɓe. "Wa? Inna? Ko farasitamol sai an yi dambe da ita. Ba ta shan komai." Inna ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Na fito ina ta fahariya, har ina kiran Yaya a waya ina cewa uwarmu dai ba ta da hawan jini irin na Malam.

Sati na biyu da na uku gwaje-gwaje suka cinye su. Jini, fitsari, suga, zazzaɓin sauro, duk aka ce ba komai. Kowace takarda da kuɗinta, sai da Yaya ya fitar da tsohon gero daga rumbu ya kai kasuwa. Ita kuwa kullum baya take yi. Hannunta na dama ya fara rawa, in ta ɗebi koko a ludayi rabi a zani yake ƙarewa. Tafiyarta ta koma 'yan ƙananan taku, fuskar nan ba fara'a ba fushi. Sau uku ana maimaita mana tambayar nan ta magani, sau uku ina amsawa da bakina mai kaifi.

Sai ga Goggo Abu, ƙanwar Malam, ta sauka daga Ƙofa da ƙullin kayanta. Tana shigowa ta kalli Inna ta tafa hannu. "Yo wannan ai ba na asibiti ba ne! Baki ne. Mace ta yi shekara da shekaru tana shiga taro tana ɗaga murya, ku ce ba za a sa mata ido ba?" Ta turnuƙe mani ɗaki da hayaƙi har kayan ɗinkin mutane suka ɗauki wari. Maƙwabciyata ta ce iska ce. Wani abokin mijina ya aiko da tafarnuwa da zuma. Yaya Sule shi cewa ya yi tsufa ne, mu rungumi ƙaddara. Rubutu dai na karɓa na ba ta, don ayar Allah ba ta cutarwa, sauran kuwa wasu na karɓa na zuba a bayan gida.

A sati na biyar ne abin ya kai inda ba na son tunawa. Inna ta fara rabon kayanta. Ta aika Yashe aka ba wannan akuya, aka ba waccan tunkiya. Babbar tasarta ta jan ƙarfe, wadda ko taɓawa ba ta bari a yi, ta ce Goggo Abu ta ɗauka. Wata ranar kasuwa ta aika wa matar Yaya saƙo a Yashe, sai ga alawayyo fari sol, irin na likkafani, an kawo. Ta miƙo mani da hannun nan mai rawa.

"Aje wannan wurinki, ke ce tela."

"Inna, na mene ne?"

"Kin san ko na mi ne. Na gaji, Dije. Ba inda ke mani ciwo, na dai gaji da duniyar. Bikin ɗiyarki kau ku nemi wata ta yi maku guɗa."

Na shige bayan keken ɗinki na yi kuka har na gode Allah. Washegari na mayar da ita wurin likita, wani matashi ne mai natsuwa. Ya ce yana ganin ciwon damuwa ne mai tsanani, ga kuma alamun ciwon rawar jiki na tsofaffi, amma abin da ke ɗaure mashi kai shi ne yadda duk suka zo a tare cikin wata biyu. Ya ce ba zai jibga mata magunguna ba sai babban likita ya gan ta, ya rubuta mana takardar Katsina. Ranar da aka ba mu kuwa sai bayan bikin.

To, yanzu ku gyara zama.

Inna tana da lalita, irin jakar nan ta tsumma da tsofaffi ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin zani. Tun muna yara ba mai taɓa ta. Ko wanka na yi mata sai ta kwance ta da kanta ta tura ƙarƙashin matashi. Wata safiya na kawo mata koko, na fita, sai na tuna ban sa suga ba na dawo. Na tarar da ita ta zaro wani ƙullin leda daga lalitar tana kokawa da shi da haƙori, hannu ya ƙi ba ta haɗin kai. Na ce kawo in kwance maki. Ta noƙe. Na ja, ta ja, ledar ta yage, sai ga 'yan ƙananan ƙwayoyi sun watse a tabarma.

"Inna! Mene ne wannan?"

Ta bi ƙwayoyin da kallo. Can ta ce, "Na Malam ne."

Da ƙyar na tatso labarin. Shekara kusan ashirin da suka wuce wani tsohon malamin asibiti a Kusada ya auna Malam ya ce jininsa ya hau, ya rubuta mashi ƙwayar nan, ya ce kullum ɗaya, kada ya yi wasa da ita. Malam mutum ne mai riƙe magana. Bai sake komawa awo ba, ƙwayar kawai ya riƙe, kuma Inna ce ke miƙa mashi ita kowace safiya tare da koko. Da ya rasu, ta ce kullum da safe hannunta sai ya kai kan gwangwanin. Bayan ta fita takaba wasu ma'aikatan lafiya suka zo gari suna awo kyauta, suka ce nata jinin ma ya hau, ta je asibiti. Ta ce a ranta, asibitin mi, ga magani a ɗaki, wanda ya riƙe Malam shekara da shekaru? Ta fara sha ɗaya da safe. Farkon daminar bana ciwon kai ya dame ta, ta ƙara ɗaya da yamma.

"To wa yake sayo maki?"

Ta sake laluba lalitar ta fiddo wani guntun kwali da ya sha jiki, ya yi laushi kamar laya, rubutun duk ya goge. Kwalin farko ne da aka ba Malam. Shi take ba mai babur ranar kasuwar Kusada ya nuna a kemis a ba shi. In an kawo sai ta ɓare su duka daga takardarsu ta ƙulle a leda.

"Me ya sa da ake tambaya a asibiti ba ki faɗa ba?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kin bar ni na yi magana?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ba lokacin jin kunya ba ne. Na zari mayafi, na ɗauki guntun kwalin, na bar ta da Nafisa, na hau mota sai Kusada. Mai kemis ɗin dattijo ne, ya san Malam, har gaisuwar rasuwa ya zo mana. Yana ganin kwalin ya gane shi. Ya duƙa can ƙasan kanta ya jawo wani sabon kwali yana kaɗe ƙura.

"Ai wannan don gidanku kaɗai nake sa a nemo mani shi daga Kano, kuma da wahala ake samu. Da mutum uku ke saye, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Na zaci likita ne ya ɗora ta a kai."

Na so in zazzage mashi, don ina da abin faɗa cike da baki. Ka ba mutum magani shekara uku da kwalin mamaci? Amma na dubi furfurarsa, na tuna ni ma da nawa laifin, na ce ya ba ni sabon kwalin kawai. Ya ba ni, ya ƙi karɓar kuɗi. Da na dawo na tarar Inna ta tsince ƙwayoyinta ta sake ƙullewa, ta kuma karɓe guntun kwalinta.

Washegari mu ne na farko a benci. Ina shiga na ajiye wa likita kwalin a tebur na ce, "Likita, ƙarya na yi ta yi maku ban sani ba. Ga abin da take sha, biyu kullum." Ya ɗauka ya karanta. Sai na ga mutumin nan mai natsuwa ya miƙe tsaye zumbur.

"Ikon Allah! Hajiya, ina kika samo wannan? A littafi kawai na karanta shi, ban taɓa riƙe shi a hannuna ba!"

Ya leƙa waje ya kira nas, ya aika a kira mashi wani dattijo da ke ɗakin ba da magani. Dattijon yana zuwa ya karɓi kwalin ya yi dariya kamar ya haɗu da abokin makaranta. "Kai, kai, kai! Yana nan ashe? Lokacin da muka fara aiki shi ne gaba-gaba. Ya ceci mutane da yawa, kada ku zage shi. Zamaninsa ne ya wuce."

Likita ya zauna ya yi mana bayani da Hausa tsantsa, kalma ɗaya ce ta Turanci, ita kuwa ta zauna mani a kai daram: risafin. Ya ce sunan sinadarin da ke cikin ƙwayar ke nan. Yana saukar da jini da gaske, shi ya sa duk awon da aka yi wa Inna ake ganin lafiya lau. Amma a jikin wasu, musamman tsofaffi, musamman in an yawaita, yakan toshe hanci, ya rage bugun zuciya, ya sa jiki nauyi da rawar hannu, ya kuma saukar wa mutum baƙin ciki ba gaira ba dalili har ya ji duniyar ta ishe shi. Ya ce shi ya sa yanzu ba a cika rubuta shi ba, an sami waɗanda suka fi shi sauƙi. Yana lissafawa ina ƙirgawa da yatsu, kowanne ya faɗa sai in ce, "Ita ce! Wallahi ita ce!" Har sai da nas ta ce Hajiya a hankali, akwai marasa lafiya a waje.

"Ba na yi maku alƙawari," in ji likita. "Amma ina kyautata zaton ba tsufa ba ne, ba kuma ciwon rawar jiki ba ne. A daina wannan, in ba ta wani, mu ga abin da Allah zai yi. Yakan ɗauki makonni kafin ya bar jiki."

Ni har na fara hamdala. Sai Inna ta dafe ƙugunta inda lalitar take.

"Ba ni bari."

"Inna!"

"Shekara nawa Malam shina shan shi? Ni ke ba shi da hannuna. Yanzu yaro ƙarami ya ce mani guba na yi ta ba mijina?"

Na buɗe baki zan fara, likita ya ɗaga mani hannu. A karon farko a rayuwata na yi shiru. Ya jawo kujerarsa kusa da ita ya ce, "Mama, ba guba kika ba shi ba. A lokacin shi ne maganin da ake da shi, kuma wataƙila shi ya hana jininsa ya kayar da shi tun da wuri. Kin yi jinya ta gaskiya. Jikinki ne bai karɓe shi ba."

Inna ta daɗe tana kallon kwalin. Can ta ce, a hankali, "Ɗan nan, ka ce shina toshe hanci?"

"Yana yi, Mama."

"Shina sa mutum ya daina raha? Ya zauna shi ɗai, ko matarsa ta yi mashi magana ya ƙyale ta?"

Likita ya dube ni, ni kuma hankicin Malam ya faɗo mani a rai. Ya ce, "Yana iya sawa. Ban ga Malam ba, ba zan ce shi ne ba, Allah ne masani. Amma yana iya sawa."

Hawaye ya zubo mata, na farko tun da aka fara ciwon nan. Ta ce, "Ashe ba fushi yake da ni ba." Ta laluba ƙugu, ta zaro ƙullin da guntun kwalin, ta ɗora a tebur. Sai kuma ta sa hannu ta janye kwalin ta mayar lalita. Likita ya ce ta riƙe shi, ƙwayoyin kawai yake so.

Satin farko bayan nan ba abin da ya canza, har na fara zargin likitan ma da zuƙi-ta-malle. Jini ya ɗan hau, ya daidaita mata sabon maganin, ƙwaya ɗaya da safe, kuma duk sati sai mun koma awo, ga layi ga kuɗin mota. Sati na biyu ta fara cinye kokonta. Goggo Abu ta ce hayaƙinta ne ya fara aiki.

Ranar Talatar sati na uku ina tsakar gida ina kaɗa miyar kuka, hankalina yana kan wata riga da na yi alƙawari. Sai na ji murya daga ɗaki.

"Wace marar hankali ce ke ƙona tuwo? Kuma wannan daddawar ta wace kasuwa ce, ta mutu tun bara?"

Na saki maburgi. Na ruga ɗaki na ce, "Inna, kin ji warin?"

"Yo ba dole in ji ba, gida duk ya ɗauka? Ke dai har ki aurar da ɗiya ba ki iya tuƙa tuwo ba."

Jama'a, ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba! Na yi tsalle, na rungume ta, na fito tsakar gida ina juyi da zani a hannu, tuwo yana can yana ci gaba da ƙonewa. Na kira Yaya Sule ina ihu, "Ta zage ni! Yaya, Inna ta zage ni!" Ya ce Alhamdulillahi har sau uku.

Daga nan sai abin ya riƙa zuwa kamar tsiron gero bayan ruwa. Takunta ya buɗe. Rawar hannun ta ragu har ta koma sai ta gaji ake gani. Sati na biyar ta zaunar da Yaya ta ce a bi duk inda ta raba awakinta a karɓo mata, don ba da hankalinta ta bayar ba. Aka karɓo. Tasar jan ƙarfe ce ta gagara, Goggo Abu ta ce ladan jinya ce, har yau suna kan shari'a in sun haɗu. Na ɗauko alawayyon na ce wannan fa? Ta ce, "Kai shi can ƙasan adaka. Ranarsa na nan, amma ba ni na sa ta ba." Takardar Katsina kuwa likita ya ce mu ajiye, in rawar ta dawo mu je.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan. Don girman Allah, ku binciki lalitar tsofaffinku da gwangwanayensu da ƙarƙashin matasansu. Maganin da aka rubuta wa wani, ko mijinki ne ko uwarka, ba naka ba ne. Maganin da aka rubuta maka shekara ashirin da suka wuce ma a kai shi a sake dubawa. Kada kuma ku karanta wannan ku je ku fizge wa tsoho ƙwayarsa ku zubar. Likita ya ja mani kunne cewa a cikin tsofaffin magungunan hawan jini akwai waɗanda in aka yanke su farat ɗaya jini ke yin sama ya kayar da mutum, akwai kuma wanda har yanzu ake ba masu ciki don ya dace da su. A kwashe duka a leda, da kwalinsu, a kai wa likita. In kuma an tambayi marar lafiya, masu baki irina ku bari ya amsa da kansa.

Ranar Asabar da ta wuce aka ɗaura auren Nafisa. Ba zan ɓoye maku ba, na yi shiri na biyu, na gayyato wata maguɗiya daga unguwarmu, don Inna ba ta gwada ko sau ɗaya ba tun ranar sunan nan, ni kuma ban yi gigin tambaya ba. Da hantsi gida ya cika maƙil, mutanen Yashe da na Ƙofa da na Bauranya, har da matan da suka yi mata dariya. Sai ga Yaya Sule ya leƙo daga zaure ya ce, "An ɗaura!"

Maguɗiyar ta ɗaga hannu za ta kama hanci. Inna ta ce, "Ke, dakata."

Ta miƙe ba wanda ya kama ta. Ta gyara ɗaurin zani, ta kama hanci. Na farko ya fito a shaƙe ya karye a tsakiya. Ni kam na runtse ido. Na ji ta yi gyaran murya, ta ja numfashi.

Ayyururuuui!

Wayyo Allah! Tantabarun maƙwabta suka tashi fir. Jariri ya tsala kuka. Maza suka yo cikin gida suna tambayar ko Inna ce. Ta sake ta biyu, ta sake ta uku, kowace ta fi ta baya tsawo. Nafisa ta fito daga ɗaki da lulluɓinta ta faɗa jikinta, mata suna kuka suna dariya, Goggo Abu tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya tana cewa ai ta faɗa baki ne. Ni ban san lokacin da na zauna a cikin kwanon cincin ba.

Da aka lafa na kai mata ruwa a ɗaki. Na tarar da ita zaune a bakin gado tana haki, guntun kwalin nan a tafin hannunta. Ta karɓi ruwan ta sha, ta ce in zauna.

"Kin san a gidan biki Malam ya fara ganina? Guɗa na yi, ya toshe kunnuwansa da yatsu shina dariya. Bayan an yi aure ma duk na yi sai ya toshe, ya ce zan kurmantar da shi. Sannan ya bari. In yi guɗa a gabansa ko ɗagowa ba ya yi. Shekara goma sha biyar ina neman laifin da na yi mashi, har anka binne shi ban tambaya ba."

Na ce, "Inna, Allah ya jiƙan shi."

"Amin. Na yafe mashi, shi ma Allah ya sa ya yafe mani." Ta mayar da kwalin cikin lalita, ta ɗaure da kanta, ƙulli biyu, hannu bai yi rawa ba. Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma ta yi 'yar dariya.

"Ta yau kam, Dije, da shina nan sai ya toshe kunne."